Gwanjo a Ƙofar Masaƙa

Dilar gwanjo ba a kwance ta da hannu. Tun daga ƙasar da ta fito inji ya matse kayan har suka zama kamar dutse, aka ɗaure su da wayar ƙarfe. Mai kaya zai yi bisimilla ya sa filaya, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Da ta ƙarshe ta tsinke sai dilar ta yi ajiyar zuciya, ta kumbura, warin nan da kowane ɗan Kaduna ya sani ya tashi, wari tsakanin na magani da na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Kafin ka ce kwabo hannaye goma sun nutse a ciki.

Masu zaɓen iri-iri ne. Akwai 'yan sari masu neman lamba ɗaya, wanda za a wanke a goge a rataye a shago mai gilashi, kuɗinsa ya ninka uku. Akwai uwa mai neman wa yara rigar sanyi kafin hunturu ya kankama. Sai kuma wasu da suka yawaita a 'yan shekarun nan, samari da 'yan mata waɗanda ba sa kara kaya a jikinsu su ga ko zai yi musu.

Wata Litinin na tsaya ina kallon ɗaya daga cikinsu a Kasuwar Monday ta Kakuri. Ba za ta wuce shekara ashirin ba, tef ɗin awo rataye a wuyanta. Ta zaro wani wandon jins da kowa ya ɗaga ya ajiye, ƙugunsa zai ci mutum biyu, gwiwa ɗaya a yage. Ko kallon yagewar ba ta yi ba. Ta murza yadin tsakanin yatsu, ta ja shi ta ga ko zai miƙe kamar danƙo, ta juya cikinsa ta karanta ɗan ƙyallen da ke faɗin nawa ne auduga nawa ne roba. Ta taya, aka sallama mata nan take don ba mai so. Yadi mai kauri ta saya da kuɗin tsumma, wandon kuwa kwanansa ya ƙare.

Irin waɗannan matasa za ka same su a unguwannin kudancin kogi: Kudenda, Nasarawa, Tirkaniya, Makera, Kakuri. Kudenda tana gefen titin Nnamdi Azikiwe, wanda kowa ke kira baifas, hanyar da manyan motoci ke bi su kauce wa tsakiyar gari. Domin masana'antu aka yanka wurin. Ga kamfanin fulawa, ga na giya, ga rumbunan ajiyar kaya, gidajen ma'aikata kuma suka yi ta tsirowa a tsakankaninsu. Gbagyi da Bajju da Atyap da Tibi da Ibo da Hausawa duk suna nan, in ciniki ya tashi kuwa da Hausa ake yinsa. A lungunan unguwar da wuya ka yi tafiyar minti biyar ba ka ji ƙarar keken ɗinki ba.

Abin da ya sa labarin tsohon kaya ya fi ciwo a nan fiye da ko'ina shi ne, wannan yanki ne ya taɓa tufatar da Arewa. A 1957 gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello, tare da kamfanin David Whitehead na Ingila, ta buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, wadda aka fi sani da KTL. Bayanta Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo a shekarun 1960, Arewa da jarin Japanawa, UNTL kuma da na iyalan Cha na Hong Kong. Audugar Funtuwa da Gusau da ƙasar Zazzau ce ke shigowa, ta fita atamfa da yadi da zanen gado. Dattawan unguwa har yau suna ba da labarin jiniyar canjin aiki, da yadda kekuna ke cika titi maƙil idan 'yan aikin safe sun tashi 'yan rana sun shiga. A Arewa Textiles ne Adams Oshiomhole ya fara aiki, daga nan ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da teloli ta ƙasa a 1982, kuma hedkwatar ƙungiyar tana nan Kaduna, ba nisa da Kudenda.

Daga nan sai abubuwa suka taru suka yi wa masaƙun rubdugu: rashin wuta, tsadar baƙin mai, tsofaffin injuna, buɗe ƙofa ga kayan waje, da atamfar Sin mai araha da ke shigowa ta ɓarauniyar hanya, wani lokaci ma da tambarin masaƙar Kaduna a bakinta. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, sauran suka bi a tsakanin. Dubban magidanta suka koma gida, da yawansu suka rasu suna jiran haƙƙinsu na sallama. Yarinyar nan mai tef a wuya, idan ka bincika, da wuya a rasa kaka ko kawu a danginta da ya tsaya gaban injin saƙa. Jikokin masu saƙa sabon yadi ne yau ke farke tsohon wandon Bature.

Shi kansa gwanjon, a takarda haramtacce ne. Yana cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta hana shigowa da su ƙasar nan kwata-kwata, kuma shekara da shekaru ke nan. Amma duk wanda ya taɓa shiga Kasuwar Barci ta Tudun Wada, ko Ƙofar Wambai a Kano, ko Katangowa a Legas, ya san iyakar wannan doka takarda. Ana sauke dilolin a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko Lome, inda ba a hana ba, su shigo ta Seme, ko su zaga ta Nijar su ɓullo ta wajen Maraɗi da Jibiya. Akwai mai kilo 45, akwai mai 55, akwai mai 100. Ingila da Amurka da Kanada da Koriya da Sin ne manyan tushensu, kuma kowane ɗan gwanjo zai gaya maka kayan wace ƙasa ne suka fi kyau, na wace ne suka fi yawa. Ciniki ne na sa'a. Ka biya kuɗin dila ba ka ga cikinta ba, in ka dace ka fitar da uwar kuɗi daga zaɓin farko, in ba ka dace ba ka kwana da tulin kayan da ko kyauta sai an roƙi mutum.

Kasuwar Barci ma tana da nata tarihin. A farkon shekarun 1970, zamanin gwamna Abba Kyari, aka kwashe 'yan kasuwa daga babbar kasuwar Kaduna domin a sake gina ta, aka kai wasu Tudun Wada. Babu masu saye, sai gyangyaɗi a rumfa, sunan ya bi ta. Daga baya ta zama cibiyar gwanjo da ɗinki ta jihar, har gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta rushe ta a 2020 domin sabon gini. A daidai lokacin kuma iyakokin ƙasa na rufe, tun daga Agustan 2019 har Disambar 2020. Sai 2023 ta zo da cire tallafin mai da faɗuwar naira. Gwanjo da aka sani da rufin asirin talaka ya fara fin ƙarfin talaka. Lamba ɗaya ta koma ta masu albashi. Abin da ya rage wa mai ƙaramin ƙarfi shi ne ƙarshen dila: mai girman da ba na mutanenmu ba, mai tabo, mai mataccen zif. Wanda ya iya almakashi ne kaɗai ke ganin dukiya a nan.

Na bi wandon nan, ko ɗan'uwansa, zuwa wani ɗan shago a Kudenda mai keke biyu da benci ɗaya. Aikin farko ba ɗinki ba ne, farka ne. Reza ake sa wa ɗinkin cikin ƙafa tun daga ƙasa har sama, a bi a hankali ana tsince zare, domin ɗinkin jins ninki biyu ne kuma in aka yi garaje yadin ake yankewa. Wannan kaɗai sai ya ci kusan awa guda. Idan ƙafafun suka buɗe suka kwanta a tebur, sai ka ga ashe wando ɗaya yadi ne mai faɗi. Saman, da ƙugunsa da aljihunansa da zif, ana barinsa yadda yake, shi zai zama saman siket. Gibin da ya rage gaba da baya sai a cike shi da ƙyallen atamfa da ya saura daga ɗinkin wata. Gwiwar da ta yage a zagaye ta da alli a fitar. Abin da aka rage daga ƙafafu ya zama jakar rataye, a yi mata shafi da tsohuwar rigar maza mai layi-layi, aljihun baya kuma a liƙa shi a gaba wurin sa waya. Allura biyu na ga sun karye a wurin da ɗinki huɗu suka haɗu, har sai da aka ɗauko guduma aka daddaka wurin ya kwanta. Maɓallai da zif da aka cire ba a yar da ko ɗaya ba, akwai gwangwanin madara da ake tara su.

Haka ake rage babbar kwat ta dawo daidai kafaɗar saurayi, a mai da rigar maza mai dogon hannu rigar mata mai tattara, a haɗa ƙyallaye goma sha a fitar da hula ko rigar matashin kujera. Idan an gama sai a wanke, a goge, a rataye a jikin bango mai fenti mai kyau a ɗauki hoto. Kasuwar tana waya: WhatsApp, Instagram, TikTok. Can ba a cewa gwanjo, an yi masa suna na Turanci mai daɗin ji, kuma 'yar jami'ar da a da za ta ɓoye ledar gwanjo a cikin jaka kada ƙawaye su gani, yanzu ita ke ɗaukar bidiyon abin da ta tsinto tana faɗin kuɗinsa. Kunyar ta tafi, kuma ban ga wanda ya yi kewarta ba.

Wasu daga cikin matasan suna magana da harshen da suka koya a intanet, na kare muhalli da rage shara. Ba laifi. Sai dai duk lokacin da na ji ana kiran abin nan sabon salo, mahaifiyata nake tunawa. A hannunta zani ba ya mutuwa sau ɗaya. Yana sabo na sallah ne da biki. In ya sha wanki ya zama na zaman gida. In ya koɗe ya koma zanen goyo, ko a yanka wa ƙanwata ɗan buje. Daga nan ya zama shimfiɗar jariri, ya zama gammo, ya zama tsumman sauke tukunya, ƙarshensa a kunna wuta da shi ranar da itace ya jiƙe. Mu kuma da kwancen yayye muka girma, wandon makaranta ɗaya sai ya ga gwiwar yara uku, maho a kan maho. Dillaliya tana shiga gida-gida da ƙullinta, ta karɓi zanen da wata ta gaji da shi ta kai wa wata da zai zame mata sabo. Babbar rigar da ta tsufa ana rage ta ta zama jamfar ɗa. Wadda ta koɗe a kai ta marina a sake tsoma ta, a kai mabuga ta dawo tana sheƙi, kuma marinar Ƙofar Mata a Kano, da ake cewa tun 1498 take, ba sabon saƙi kaɗai ta rayu a kai ba. Hular zanna ɗaya sai ta yi shekara goma saboda mai wankin hula. Tela mai yawo da keke a kafaɗa yana kaɗa almakashi a lungu, shi ma ba sabon ɗinki yake nema ba. Babu wanda ya kira wannan kare muhalli. Tattali ake ce masa, matar da ba ta iya shi ba kuma a ce mata almubazzara.

To amma akwai abin da ya canza, kuma shi ne ya kamata a tsaya a kai. Zanen mahaifiyata auduga ne zalla. Shi ya sa ya iya shan gumin goyo, ya riƙe tukunya mai zafi, ya ci wuta ya zama toka, in an yar kuma ƙasa ta cinye shi. Yau fiye da rabin zaren da duniya ke sarrafawa na roba ne, daga man fetur ake yinsa. Kai irin wannan yadi kusa da murhu ka ga yadda zai narke ya manne a hannu. Ba ya shan ruwa balle ya yi tsumma, ba ya karɓar baba balle a rina shi, ba ya ruɓewa. Kamfanonin da ke fitar da sabon yayi kowane mako, irin su Shein, sun cika duniya da rigunan da aka yi don a sa sau biyar a jefar, kuma su ne yanzu ke cika dila. Auduga ce yarinyar nan mai tef a wuya take nema da take murza yadi tana karanta ƙyallen ciki. Tsohon jins mai nauyi na auduga yana ƙara wuyar samu, sabon mai miƙewa kuwa in ka farke shi sai ya saki jiki kamar lagwani.

Wani rahoto da gidauniyar Ellen MacArthur ta fitar a 2017 ya ce a kowace daƙiƙa ana binne ko ƙona tufafi cikin motar shara guda a duniya, kuma abin da ake sake mayarwa sabon tufafi bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Wanda ke son ganin inda ragowar ke ƙarewa ya je Kantamanto a Ankara ta Gana. Ƙungiyar Or Foundation da ke aiki a kasuwar ta ƙiyasta tufafi kusan miliyan 15 ke shiga duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 shara suke zama, su toshe magudanai su kwanta a bakin teku. 'Yan matan da ke ɗaukar dilolin a ka, yawancinsu daga arewacin Gana, ana kiransu kayayei, kalmar da rabinta na farko "kaya" ce tamu ta Hausa. A Janairun 2025 gobara ta cinye mafi yawan kasuwar. Ƙasashen da suka yi yunƙurin rufe ƙofa kuma sun ga abin da ya biyo baya: da Ruwanda ta ƙara haraji a kan gwanjo don ta tayar da masaƙunta, Amurka ta janye mata rangwamen shigar da tufafi na AGOA a 2018.

Kada dai mu ɗora wa Bature laifin duka. Mu ma muna da namu yayin na sa-ka-jefar, sunansa anko. Biki ɗaya sai a fitar da na kamu, da na sa lalle, da na dina, da na walima. Ƙawar amarya ta ci bashi ta ɗinka, ta sa na awa huɗu, hoto ya hau waya, shi ke nan kayan sun mutu, domin duk wanda ya gan ta da su a wani taro ya san bikin wance ne. Akwatunan gidajenmu cike suke da leshi da atamfar da ba su ga wanki biyu ba. A ganina nan ne telolin nan matasa suka fi yin abin kirki, fiye ma da jakar jins. Doguwar rigar anko mai jela a mai da ita riga da siket na zuwa aiki, a cire duwatsun da aka lilliƙa, hannun nan mai kama da fuka-fuki a fitar da rigar yarinya daga cikinsa. Yadin yana nan da ƙarfinsa, kuɗinsa an riga an biya, kuma bai ƙetare teku da warin magani ba.

Matsalar ita ce kuɗin aiki. Gyaran tsoho ya fi ɗinkin sabo cin lokaci, kowane tela ya san haka, shi ya sa manyan teloli ke tura mai gyara wurin yaran shago. Amma mai saye idan ya ji farashin jakar sai ya ce ai tsohon wando ne. Ba ya lissafa awa gudan farka, da allurar da ta karye, da man janareta. Maganar janareta kuwa, a Kudendan nan ne aka ba da kwangilar tashar wutar lantarki mai megawat 215 tun 2009, aka shafe sama da shekara goma ana jiran ta. Telan da ke iya hango katangarta daga ƙofar shagonsa keken ƙafa yake takawa, dutsen guga na gawayi yake hurawa. Mutum zai iya cewa hakan ma kare muhalli ne, amma kada ya faɗa a gaban telan ana saura kwana uku sallah ko kirsimeti.

Ba na kuma son a yaudari kai. Keke biyu da benci ba za su maye gurbin masaƙar da ke ɗaukar dubban mutane da albashi da asibiti da fansho ba. Sana'a ce da ke ciyar da mai ita da yaro ɗaya ko biyu, ta biya kuɗin makaranta, ta hana zaman kashe wando. Yadin da take rayuwa a kai na wasu ne, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Ranar da dila ta ƙara tsada ko ta ƙara lalacewa, shagon zai ji a jikinsa tun kafin mako ya zagayo.

Da yamma, kafin a rufe shagon, yaron tela ya share ƙasa ya ware abin da ya tara kashi biyu. Ƙyallayen auduga da guntayen jins suna shiga buhu. Akwai mai zuwa ya saya don cusa matashi da katifa, akwai makanikan bakin baifas da ke karɓar manyan don goge hannu da inji, akwai matar da ke kitsa sirara ta yi abin goge ƙafa na ƙofar ɗaki. Ɗaya kashin, mai santsi da walƙiya, ba mai so ko a kyauta. Yaron ya cusa shi a leda ya ajiye a bakin kwata tare da na sauran shaguna. Wani lokaci a cinna masa wuta, ya yi baƙin hayaƙi ya dunƙule. Wani lokaci ya zauna nan har ruwan farko na damina ya sauko, kwata ta cika, ta ja shi ta gangara da shi Kogin Kaduna.